Tanar roba a cikin burgu da kainuwa: abin da take iyawa a ruwayen Kebbi da abin da ya fi ƙarfinta

Duk wanda ya san bakin Neja daga Yauri zuwa Ngaski, ko fadamun gulbin Rima a wajen Argungu da Birnin Kebbi, ya san inda kifi ke shigewa idan rana ta take: ƙarƙashin kainuwa, cikin burgu, gindin bado. Nan ne kuma kayan su suka fi shan wahala. Birgi, ragar da ake jefawa, ba ya nutsewa, ciyawa ce ke tare shi tun daga sama. Kalli, ragar da ake kafawa a ruwa, ya cika da shara. Ƙugiyar fatsa kuwa, jefawa ɗaya ta kwaso ganye, ta biyu ta maƙale, sai dai a tsinke zare. Tanar roba da ta fara shigowa hannun masu fatsa, wadda ake oda ta intanet ko a saya wurin masu kayan su a manyan kasuwanni, don irin wannan ruwa aka yi ta. Amma ba don kifinmu aka yi ta ba, kuma wannan shi ne abin da mai saye ya kamata ya fara sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Asalinta Amurka ne. Wani mutum mai suna Nick Creme ne ya fara zuba ta a jihar Ohayo a 1949, daga baya masu fatsa a tafkunan Teksas suka ƙirƙiro ɗaurin da ke ɓoye tsinin ƙugiya a cikin jikin robar, saboda tafkunansu cike suke da itatuwan da ruwa ya cinye. Kifin da suke nema shi ne bas, mai faffaɗan baki, wanda ke laɓewa cikin ciyawa ya zuƙe abin da ya gifta gaba ɗaya. Babu bas a Neja, babu shi a Rima, babu shi a dam ɗin Bakolori. Saboda haka hoton da ke jikin leda ba alkawari ba ne. Tambayar ita ce, a cikin kifayenmu, wane ne ke cin abinci irin cin bas.

Abin da ke cikin akwatin da ake sayar da ita, galibi, kala uku ne: tanar kanta, mai tsawon santimita 10 zuwa 18, ƙugiyoyi masu ɗan gwiwa a ƙasan kafar da ake ɗaure zare, da dalma mai siffar harsashi da rami a tsakiya. Tanar ba ta da laifi ko a cikin masu arha. Robar tana da taushi, wutsiyar tana kaɗawa da ɗan motsi kaɗan. Akwai mai lanƙwasasshiyar wutsiya, akwai miƙaƙƙiya kamar sanda wadda aka cakuɗa da gishiri don ta yi nauyi ta nutse da kanta; irin wannan ta biyun kamfanin Yamamoto ne ya yi suna da ita, mai suna Senko, sauran duk kwaikwayo ne. A cikin ciyawa mai kauri miƙaƙƙiyar ta fi, domin doguwar wutsiya tana naɗe karan burgu ta hana tanar sauka.

Inda masu arhar suka gaza shi ne ƙugiya. Wayarta siririya ce, kuma sau da yawa ba a gasa ƙarfen da kyau ba. Gwajin ba shi da wuya: saƙala tsinin a jikin katako ka ja da zare mai ƙarfi. Idan bakinta ya buɗe bai koma ba, to haka za ta yi a bakin kifi mai kilo uku da ya shige ciyawa. Sannan ka goga tsinin a kan farcen babban yatsa. Mai kaifi tana kamawa, dakusasshiya zamewa take yi. A irin wannan ɗauri dole tsini ya huda roba kafin ya kai ga kifi, don haka ƙugiya marar kaifi daidai take da babu. Shawara a nan ita ce a sayi tanar mai arha, a sa kuɗin a ƙugiya mai kyau, irin ta Mustad, Gamakatsu ko Owner, lamba 3/0 ko 4/0. A kula da jabu, suna da yawa. Ƙa'idar girma kuwa, faɗin bakin ƙugiya ya kai kusan ninki biyu na kaurin tanar. In ya gaza haka, idan kifi ya danna, robar ba ta da inda za ta kauce, sai ta cike bakin ƙugiyar, tsinin ya kasa fitowa.

Ɗaurin shi ne komai, kuma nan ne mafi yawan masu cewa tanar roba ƙarya ce suka ɓata. Da farko a zura dalma a zare, tsininta na kallon sanda, gindinta na kallon ƙugiya. A ɗaure ƙugiya, a jiƙa ƙullin kafin a ja shi, domin nailan yana ƙonewa da gogayya in ya bushe. Sai a soka tsini a daidai tsakiyar kan tanar, ya shiga kamar milimita 6, a fito da shi ta gefe. A tura kan tanar sama har ya haye gwiwar nan ya rufe kafar ƙugiya, a juya ƙugiyar tsininta ya fuskanci jikin tanar. Kafin a soka na biyu, a jera ƙugiyar a gefen tanar a ga daidai inda lanƙwasarta ta faɗa, a riƙe wurin da yatsa. Nan za a soka, a miƙe, ya fita ta baya. Sai a ɗan ja fatar robar gaba a sake ta a kan tsinin, ya shige ƙarƙashinta kamar milimita ɗaya ko biyu. Shafa yatsa a bayanta: in ba ka ji ƙaya ba, ciyawa ma ba za ta ji ba.

Ɗaga ta sama ka duba. Dole ta rataya a miƙe sak. Idan ta yi doro ko ta karkace, za ta riƙa juyawa a ruwa kamar farfela, zaren ya murɗe, bayan jifa goma ya fara ƙulle kansa, kifi kuma ba ya kusantar abin da ke juyi haka. Doro na zuwa ne daga soka na biyu da aka yi nesa da yawa. In aka yi kusa da yawa, robar ta ɗame ta yage a ka. Cire ka sake, ba abin kunya ba ne.

Nauyin dalma ya danganta da ciyawar. A ruwa marar zurfi, mita ɗaya ko ƙasa, tsakanin ganyen bado, giram 3.5 ya isa, wani lokaci ma ba dalma sam, musamman da miƙaƙƙiya mai gishiri. A gefen burgu, inda akwai ɗan jan ruwa, giram 7 zuwa 10. Idan kuwa ana son huda shimfiɗar kainuwa a kai ga inuwar ƙasanta, sai giram 21 zuwa 28, kuma dole a datse dalmar kada ta zame. In ba a datse ba, ita za ta nutse ta bar tanar a kan ganye. Tsinken sakace ya wadatar: a cusa shi a ramin dalma ta sama, a karye ragowar. Yana ɗan cin nailan, don haka a riƙa duba wurin. Zaren roba na ɗaure kuɗi da aka ƙulla sau biyu a saman dalmar ya fi sauƙi a kan zare.

Magana ɗaya a kan dalma, wadda mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Wancan daga dutsen zinariya ne, amma dalmar ita ce dai. Kada a datse ta da haƙori, kada a narka ta a cikin gida ko a tukunyar girki, kada a bar ta inda yaro zai sa a baki.

Zare da sanda ba sa cikin akwatin, kuma su ne ke sa abin ya yi tsada fiye da yadda ake zato. Gorar fatsa da aka saba da ita tana aiki idan daga kwale-kwale ake, ana sauke tanar a ramukan ciyawa kusa da jirgi. Hasali ma wannan hanya ce mai kyau, ba ta bukatar injin naɗi. Sai dai gorar ta zama mai tauri, ba mai lanƙwasa kamar bulala ba. Don jifa daga gaɓa, sanda mai tsawon mita 2.1 mai ƙarfin baya ake so. Nailan kada ya gaza milimita 0.35 zuwa 0.40. Matsalarsa yana miƙewa, in jifa ta yi nisa, wani kaso na ƙarfin fizgarka a cikin zaren yake ƙarewa. Zaren kitso, wanda aka saƙa da siraran zaruruwa, ba ya miƙewa kuma yana yanka ganyen bado da kainuwa. Mai ɗaukar kilo 15 zuwa 20 ya dace. Kada dai a naɗe shi a hannu a ja idan ya maƙale, yana yanka yatsa har ƙashi. A naɗe a guntun itace.

Yanzu ga kifin. Wanda ya fi dacewa da wannan koto a ruwayenmu shi ne tufi. Halinsa ya yi kusa da na bas: yana kwance shiru cikin ciyawa a ruwa marar gudu, yana tasowa ya shaƙi iska, yana kai wa kwaɗo da ƙananan kifi hari daga maɓoya. A fadamu da tafkunan da ambaliya ta bari, tana mai duhu ta santimita 10 zuwa 12, ba dalma, a ja ta a hankali a kan ganye a bar ta ta faɗa cikin rami, ita ce maganinsa. Bakinsa ƙashi ne, shi ya sa ƙugiyar arha ke zamewa. Kuma yakan riƙe koto ya ɗan tsaya kafin ya juya, wanda ya fizga da jin motsin farko tanar kawai zai dawo da ita.

Na biyu giwan ruwa, amma ƙanana, daga rabin kilo zuwa kamar biyar, waɗanda ke zama a gefen ciyawa da gindin itatuwan da ruwa ya rufe a tafkin Kainji da kwarin Neja. Ita ma zuƙe abinci take yi, ba cizo ba. Manyan da ake gani a bikin Argungu, masu kilo hamsin da ɗoriya, ba abincinsu ba ne wannan, kuma kayan ba za su ɗauke su ba. Ko ƙaramar tana da kaushin baki da kaifi a murfin kunne, don haka a ƙara guntun nailan mai kauri, milimita 0.60 zuwa 0.70, tsawon kamu biyu, tsakanin zare da ƙugiya. Ta fi son tana mai haske, fara ko ruwan azurfa, wadda ta yi kama da ɗan kifi, kuma ta fi ci da sassafe da gab da magariba.

Tarwaɗa da ramboshi lamarinsu daban ne. Da gashin baki da ƙamshi suke farauta, ido ba shi ne gaba ba. Suna kama tanar roba, musamman in tana jan ƙasa a hankali, amma in aka ajiye ta gefe guda da tana ta gaske ko hanjin kaza, ta gasken za ta yi nasara nesa ba kusa ba. Abin da ke ɗan rage tazarar shi ne a jiƙa robar a man gwangwanin kifi tun dare, ko a ƙara ɗan guntun tana mai rai a lanƙwasar ƙugiya. Ƙamshin da kamfani ya ce ya zuba a ciki, na tafarnuwa ko na jatan lande, yana wankewa da wuri, kada a biya ƙarin kuɗi saboda shi.

Tsage asara ce kawai. Haƙoransa na datse tanar gida biyu, sau da yawa ta bayan ƙugiya, in kuma ya haɗa da zare ya tafi da duka. Inda tsage ya yi yawa, a bakin ruwa mai gudu, leda guda ba ta kai azahar. Ana iya sa waya, amma waya na kashe motsin tanar kuma tana kwasar ciyawa, an koma gidan jiya. Karfasa na tsattsage wutsiya ta bar ka da gunduwa. Bargi ba ruwansa, tace ƙananan abinci yake yi. Yauni kuwa yana iya kai hari a lokacin da yake gadin sheƙarsa a cikin ciyawa da damina, sai dai wanda ya san cizonsa ba ya kai hannu kusa da bakinsa, kuma kama uwa a kan ƙwai ba dabara ba ce ga mai son ya dawo baɗi.

Yadda ake tafiyar da ita ya saɓa wa fatsar da aka saba, ta a jefa a zauna a jira. Roba ba ta da rai, hannunka ne ranta. Ka jefa ta wuce inda kake zato da kamar mita ɗaya, kada ta faɗo a kan kifin. Bar ta ta nutse da zare a ɗan sake, idonka a inda zaren ya shiga ruwa, domin mafi yawan kamu a lokacin saukar nan yake faruwa. In ta taɓa ƙasa, ƙirga biyar. Ɗaga bakin sanda daga daidai ƙugu zuwa kafaɗa, a hankali, ka mayar, ka naɗe ragowar zaren. Da sanda ake jan tana, injin na kwashe sakin zare ne kawai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauri. Jifa ɗaya ya ci minti guda ko fiye, ba laifi.

Alamar kamu ba ta da hayaniya. Wani lokaci ɗan ƙwanƙwasa ne sau ɗaya ko biyu, wani lokaci zaren ne zai fara tafiya gefe, wani lokaci nauyin dalmar ne zai ɓace kamar an yanke. Ciyawa tana ja ne a mace, ba ta amsawa. Kifi in ka ɗan ɗame zaren za ka ji rai a ciki. Sai ka sunkuyar da sanda wajensa, ka naɗe har zaren ya miƙe, ka fizga sama da ƙarfi sau ɗaya. Daga nan babu wasa: ɗaga kansa sama ka fito da shi cikin daƙiƙun farko. In ka ba shi mita ɗaya ya naɗe karan burgu, ya sami abin dogara, ko ya ɓalle ko ya buɗe ƙugiya. In hakan ta faru kada ka yi ta fizga. Riƙe zaren a ɗame, ka matsa da jirgi ka cire shi da hannu tare da ciyawar. Jinkirin fizga ma yana da nasa laifi, in ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu kifin ya haɗiye har ciki.

Launi ba ya bukatar dogon lissafi, duk da cewa akwatin na zuwa da kala goma. Neja a wannan yanki tana cika sau biyu. Cikar damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan gauraye yake da laka daga Rima da sauran rafuka, kifi ba ya gani nesa. Baƙa ko shuɗi mai duhu ce ke fitowa, kuma mai kauri wadda ke tura ruwa. Cika ta biyu, wadda ke isowa daga tsaunukan Gini wajen Disamba zuwa Fabrairu, ta riga ta zubar da lakarta a hanya, ruwan ya fi haske. Nan kore mai duhu da ruwan ƙasa suka fi. Wannan lokaci na biyu, da kuma watannin da ruwa ke janyewa daga fadama, su ne kakar tanar roba. A tsakiyar laka ta Satumba koto mai wari ya fi ta. Ja da ruwan hoda da ke cikin akwatin, mai saye suke kamawa.

Zafi shi ne babban abokin gabarta a nan, kuma ba a rubuta wannan a jikin leda ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanar da aka bari a cikin jirgi ko a but ɗin mota tana yin laushi, ta zubar da mai, ta lanƙwashe yadda ba za ta sake miƙewa da kanta ba. A bar kowace kala a ledarta, a kwance a miƙe, a inuwa. In aka haɗa kala biyu, mai duhu tana rina mai haske cikin kwana kaɗan. Man jikinta yana narka wasu robobin masu tauri, irin akwatin da ke da haske kamar gilashi, har ya manne. Akwai kuma wata irin roba mai miƙewa sosai, kamar ta kamfanin Z-Man, wadda in ta haɗu da tana ta gama-gari su biyun suke narkewa su zama kunu. Ita kam ta fi jure haƙori, amma a ware mata jaka. Wadda ta lanƙwashe ana tsoma ta a ruwan zafi na kamar rabin minti, a shimfiɗa a miƙe ta huce. Wadda kanta ya yage, a yanke santimita ɗaya a sake ɗaurawa. In a tsakiya ne, a ɗan haska wuta a bakin yagewar a manne. Kada a bar ƙugiya a jikin mai gishiri ta kwana, da safe za a tarar da tsatsa.

Yagaggun kuma a dawo da su gida. Ba sa ruɓewa, kifi na haɗiye su su kumbura masa a ciki, awaki da agwagi ma ba sa ƙyale su a gaɓa.

Ga wanda su ne sana'arsa, mai ciyar da gida da abin da ya kai kasuwar Yauri, wannan ba madadin mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ko tarkon gura ba ne. Ƙugiya ɗaya ce a hannun mutum ɗaya, kifi ɗai-ɗai, kuma kuɗin tanar da dala yake tafiya. Amfaninta gare shi shi ne na cike gibi: awannin da aka riga aka kafa kaya ana jira, da wuraren da ciyawa ta rufe har an haƙura da su. Ga mai fatsar sha'awa, ma'aikaci ko ɗan makaranta da ke fita ranar hutu, ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya canza ƙugiya. Leda biyu sun isa farawa, baƙa da kore mai duhu, santimita 12, ƙugiya 3/0 guda biyar, dalma giram 3.5 da giram 7. Babban akwati mai kala-kala kada ya ruɗe shi, rabinsa ba zai taɓa shiga ruwa ba.

Wurin da tanar ke aiki shi ne kuma wurin da ya fi haɗari. Ruwan ciyawa marar gudu gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, saboda haka a yi daga jirgi ko daga gaɓa, ba a tsaye cikin ruwa har ƙugu ba. A yankin Yauri akwai dorina, kuma burgu abincinta ne. Inda aka ga an tattake ciyawa an yi hanya zuwa tudu, a canza wuri. Kowane ruwa kuma da masu shi. A Matan Fada an hana su sai lokacin biki, wasu tafkunan ma ana rufe su har sai an yi shelar buɗewa. Baƙo ya fara isa wurin Sarkin Ruwa ko sarkawan wurin ya nemi izini, ya kuma tambaye su inda suka shimfiɗa mamari, domin dalma mai giram 10 da ke jan ƙasa ba abin da ta fi saurin kamawa kamar igiyar wani.